Matamaye: tsakanin igiyar rijiya da igiyar ruwa

Matafiyin da ya baro Damagaram ya kama babbar hanyar Yamai, idan ya kai Takeita sai ya karya hagu ya yi kudu. Daga nan ƙasa take fara sauya kama. Gawo yakan yawaita cikin gonaki, ƙauyuka su matso kusa da juna, har ya wuce Kance, garin sarki, ya iso Matamaye inda hukumomin gundumar suke zaune. Tafiyar duka ba ta kai kilomita 100 ba. Gari ne na mararraba: hanya guda ta nufi Magarya, guda kuma ta gangara Ɗan Barto bakin iyaka, ta shiga Najeriya har Daura da Kano. Fatake sun san yankin da hatsi da wake da gujiya, sun kuma san shi da rake.

Raken nan shi ne shaidar cewa ruwa yana kusa. A fadamun kwarin Korama akwai wuraren da mutum ba zai gina gaba biyu ba sai ya tarar da laima, amma a kan tudu sai an yi haƙuri da zurfi. Saboda haka rijiyoyin ƙasar iri-iri ne: akwai ta lambu wadda ake ginawa da rani, damina ta rufe ta, akwai ta gargajiya mai bakin itace, akwai kuma ta siminti mai faɗin mita 1,80, irin wadda hukumar OFEDES, da aka kafa a 1963, ta watsa cikin karkarar Nijar. Kowace daga cikinsu tana da ranar da dole wani ya sauka cikinta, ko don yasa, ko don ƙara zurfi da bazara, ko don wasakin da ya tsinke wanda ƙugiya ta kasa kamowa.

Mai yasar rijiya ba ya da kaya masu yawa. Gajeren wando ne, da guntun magirbi, da igiya. Wanda ya san aikinsa ba ya yarda a haɗa shi igiya ɗaya da guga: ta fidda laka daban, ta ransa daban. Yakan bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan yana neman inda bakin rijiya ya ci ta, domin igiyar roba da ta cika kasuwa, ta kori ta kaba da ta rama, rana takan gasa ta har ta yi rauni alhali ido yana ganinta lafiya lau. Ɗaurin kuwa a ƙirji yake, ƙarƙashin hamata, da ƙulli wanda ba ya zargewa, don in ya suma a jawo shi kansa yana sama. Sa'an nan ga magana. Wanda kansa ke cikin ruwa ba ya da baki, sai dai girgiza igiya, kuma tun kafin ya sauka ake shirya ma'anar girgiza ɗaya da ta biyu da ta uku. Mai riƙe da igiya a sama ba ɗan kallo ba ne, bai kamata a aike shi sayen goro ba.

Abin da ya fi kisa a rijiya ba ruwa ba ne, iska ce. Magabata sukan zura fitila. Idan ta mutu, mutum ba ya sauka. Dabara ce mai kyau, sai dai zamani ya zo da abin da ya fi ƙarfinta. Injin ban ruwa mai aiki da man fetur, in aka sauke shi cikin rami ko aka aje shi daf da baki, hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari wadda takan kashe mutum fitila tana ci. Sau da yawa kuma gawa ba ta tsayawa ɗaya, domin ɗan'uwa yakan ga nasa ya faɗi ya bi shi babu igiya.

Mutumin Matamaye yana nesa da teku, amma masu nutso a can, waɗanda ke goya tulun iska a baya tun bayan da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar a Faransa a 1943, su ma rayuwarsu tana rataye da igiya, bisa wani dalili dabam. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yakan ƙaru da kwatankwacin nauyin iskar duniya baki ɗaya, kuma wani sashe na iskar da yake shaƙa, wato nitirojin, yakan narke cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Wani likita ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, shi ya fitar da tsarin hawa mataki-mataki a 1908. Ko a nutson shaƙatawa ana horon mutum ya dakata minti 3 a zurfin mita 5, wanda ya yi nisa ƙasa kuwa tsayuwarsa takan fi haka ƙwarai.

Tsayawa wuri ɗaya cikin ruwa mai gudu ba ƙaramin aiki ba ne. Kowa sai ya kama igiyar da ta ɗaure jirgi da ƙasan teku, jirgin kuwa yana hawa yana sauka, yana fizgar wanda ya riƙe ta sama da ƙasa, daidai wurin da canjin zurfi ya fi haɗari. Maganin da suka samo shi ne wata gajerar igiya, mita ɗaya zuwa biyu, mai ƙugiya a kai. Mai nutso ya maƙala ta a babbar igiyar daidai zurfin da yake so, ya saki jiki ruwa ya shimfiɗa shi kamar tuta, ita kuma ta shanye fizgar. Sharaɗinta guda ne mai tsanani: dole ta zama wadda zai iya saki da hannu ɗaya nan take. Ba a naɗa ta a wuya ko a wuyan hannu, ba a ƙulla ta, kuma wuƙa tana kusa, domin in jirgi ya ɓalle zai ja shi sama ko yana so ko ba ya so.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. Igiyar mai yasar rijiya, ba a son ta kwance ko da ya suma, don ruwan rijiya a tsaye yake. Igiyar mai ruwa mai gudu kuwa, ba a son ta ƙi kwancewa. Wannan bambanci ya shafi Matamaye fiye da yadda ake zato. Cikin watan Agusta, in sama ta yi nauyi, koramun da suka wuni a bushe sukan cika cikin sa'a guda, su yanke hanyar kasuwa. Daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ta ci rayuka fiye da 300 a faɗin Nijar. A irin wannan rana ce ake ganin saurayi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba abokai ɗaya kan, ya shiga ceto babur ko sa ko buhunan wani ɗan kasuwa. Yana aiki ne da ilimin rijiya a wurin da ba nasa ba. Da zarar ƙafarsa ta zame igiyar ta miƙe, ƙarfin ruwan yakan danna shi ƙasa ya riƙe shi can, na tudu suna ja suna ƙara nutsar da shi. Masu aikin ceto da aka horar sukan jefa wa mutum igiya ya riƙe da hannu, su bar ruwa ya karkato da shi zuwa gaɓa. Ba su ɗaure kowa sai da ɗamara mai sakin gaggawa.

Mai lambun da ke ciniki da magina yakan yi ta jayayya kan kuɗin kowace gaba, ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangila yakan lissafa siminti da ƙarfe da tsakuwa. Da wuya a ga layin da aka rubuta sabuwar igiya ta biyu, ko ladan mutanen da za su wuni bakin rami ba su taɓa magirbi ba. Maginin da ya nemi a saka su yakan ji an ce ya cika tsada, a ba wani aikin.