Guzurin Ɗalibi

Mu da muka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 ba mu san wahalar tukunya ba. Ɗakin cin abinci muke zuwa da tikiti, safe da rana da dare. A 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ɗalibai suka yi wa Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, bore har aka rasa rayuka a Samaru. Bayan 'yan shekaru gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwa, kowa ya koma kan rishonsa.

Yau ku jikokina kuna kuka da rashin wurin girki da tsadar kananzir, shi ya sa wai kuka dogara da Indomie. Ban hana ku ba, amma ku san abin da kuke ci: fulawa ce da mai da gishiri. Tana kashe yunwar awa biyu, ba ta gina jiki. In za a dafa, a rage rabin garin ɗanɗanon nan, a fasa ƙwai, a watsa zogale.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, wanda ba shi da murhu ko firji, busasshen abinci ne gatansa. Fatake sun yi ta ratsa daji daga Kano zuwa Gwanja neman goro, ba su ɗauki madafa a kai ba. Guzuri suka riƙa. Kafin a koma makaranta, a roƙi Inna ta daka ƙuli-ƙuli, ta dafa zogale ta shanya a inuwa, ta haɗa da garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji. Zogalen nan in an jiƙa shi da ruwan zafi, aka zuba ƙuli da albasa da tumatir, an yi kwaɗo ba tare da an hura wuta mai tsawo ba. Garin kwaki ma, wanda ake yi wa kallon abincin talaka, da gyaɗa ko ƙuli ya fi wanda aka sha da sukari zalla nesa ba kusa ba. Sai dai gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ji asara, gubarta hanta take ci.

Wake kuwa, ƙorafinku a kansa shi ne cin mai. A jiƙa shi tun dare, da safe zai nuna da wuri. Mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi tukunya ɗaya, a cinye a ranar, domin shinkafar da ta kwana a zafin bazara ta sha kwantar da ɗalibi ana gobe jarrabawa. Ranar da ba halin girki, awara a bakin ƙofar makaranta ta fi biskit da lemon kwalba, kuma 'yan mata musamman su riƙa haɗa wake da ganye saboda ƙarancin jini.

Risho kuma, don Allah, a fita da shi baranda, kada a kunna a ɗaki rufe ana karatu.