Tsinken Rumawa Da Alƙalamin Kara

Ku yara 'yan makaranta, akwai wata kalma ta Turanci da mu malamai mu ke yawan jifanku da ita, watau style. Mu kan ce wa yaro nasa bai yi kyau ba, alhali ko mu ba mu san inda kalmar ta fito ba. Ni ma sai bara na sani, kuma sanin ya ba ni kunya.

Ashe asalinta Latin ne, harshen Rumawa, stilus. Wani tsinke ne na ƙarfe ko na ƙashi, da su kan yi rubutu da shi a kan allon da aka shafe da kakin zuma. Baki ɗaya tsini, ɗaya bakin kuwa mai faɗi ne don goge kuskure. In Barume ya ce wa marubuci ya juya tsinkensa, nufinsa ya koma ya gyara. Sannu a hankali sunan tsinken ya zama sunan salon maganar mai riƙe da shi. Ta hanyar Faransanci kalmar ta shiga Ingila, wajen shekarar 1300. Harafin y ɗin nan kuwa kuskure ne, an zaci ta fito daga kalmar Girkawa mai nufin ginshiƙi.

Da na karanta wannan, sai na tuna makarantar allonmu a Bebeji. Mu kan feƙe kara mu yi alƙalami, mu dama zuge da ƙaro. Malam, Allah ya jiƙansa, ko daga nesa ya hangi allo ya san mai shi, gama kowa da irin fiƙarsa. Shi kansa alƙalami baƙo ne: Larabawa suka ba mu, su kuma daga Girkawa, inda kalamos ke nufin kara.

To, ga abin kunyar. Akwai wani yaro ɗan Doguwa a ajina, kullum takardarsa duk goge-goge, har na sha rage masa maki saboda ƙazanta. Na kusa da shi kuwa takarda fes, amma maganar ba tasa ba ce, ta Magana Jari Ce ce ya haddace, ni kuwa ina ta yabonsa. Ran Litinin na kira ɗan Doguwa gaban aji, ya fito yana rawar jiki, yana tsammanin bulala. Na ce ya karanta mana labarinsa na ruwan Falgore, har da wuraren da ya soke. Da ya gama, na ciro sabon magogi daga aljihu na ba shi.