Igiyar da na hana a saya

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi ya san ruwa ba kusa yake ba. Da zarar ka bar kwarin Gulbin Kaba ka hau tudu, za ka tarar da rijiyoyin da sai an ɗaura wa shanu ko raƙumi igiya kafin guga ya fito. Idan bangon irin wannan rijiya ya tsage, dole wani ya shiga a rataye ya gyara.

Ni ke riƙe da kuɗin kwamitin rijiyar garinmu lokacin da muka ɗauko wani dattijo gwanin wannan aiki. Ya ce igiya biyu yake so, ɗaya ya zauna a kanta, ɗaya a ajiye saboda tsautsayi. Na ce, "Haba Baba, ta garin ko shekara ba ta yi ba. Kuɗin siminti ma da ƙyar muka haɗa." Ya dube ni ya ce, "To ɗana, Allah ya tsare." Na ɗauka tattali na yi wa jama'a.

Yana tsakiyar rijiya ana zura masa kwaɓaɓɓen siminti, sai ƙullin bokitin ya kwance, ya faɗo masa a kafaɗa. Ya zame daga sandar da yake zaune a kai, igiyar da ya zagaya a ƙirji ta riƙe shi ta hammata. Muka ja, abu ya ƙi, ashe wani ƙarfe da ya leƙo daga tsagar ya sarƙe ta. Wani ya ce a ɗaura wa shanu su fizgo shi. Yaron gwanin ya daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa! Sa bai san ciwo ba." Mutum ake bukata ya sauka ya kwance shi, ga mai sauka a tsaye, amma babu igiya. Sai da ɗan kabu-kabu ya je maƙwabta ya aro, mu kuwa muna leƙe muna kiran sunansa, muryarsa tana ƙara yin ƙasa.

Ko a cikin wannan ruɗani, yaron bai shiga ba sai da ya zura fitila ya ga ba ta mutu ba, domin gurɓatacciyar iska a ƙasan rijiya take kwanciya, ta kan kashe har mai ceto. Ya sauka, ya ɗaure maigidansa a jikinsa, muka jawo su da hannu a hankali. A kan ƙyaure muka kwantar da shi don kada bayansa ya lanƙwashe, aka kai shi asibitin Tasawa.

Can ma'aikacin jinya ya gaya mana cewa karayar kafaɗar mai sauƙi ce, ratayar ce ta kusa kashe shi. Wanda ke reto ba motsi jini ne ke taruwa a ƙafafunsa, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta, ya suma, ga igiya ta matse masa numfashi. Abin da Baba ya roƙa na hana, a Turai tun 2001 doka ta wajabta shi: igiyar aiki daban, ta tsaro daban.

Na je gaban maigari na faɗi gaskiya, cewa ni na hana. Baba ya yafe mini, amma damina ta wuce bai riƙe fartanya ba, iyalinsa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna da lambar 'yan kwana-kwana, 18, sai dai mai reto a ƙauye ba zai iya jiran mota daga birni ba. Yanzu ko rijiya ce, ko tankin ruwa, ba na barin kowa ya kama igiya sai na ga ta biyu a ɗaure, na san wanda zai bi shi, na kuma san masu ja. In kuɗi bai kai ba, aikin ya jira.