Kwana Bakwai da Ganyen Rasberi

Litinin, 16 ga Yuni

Kwanana uku ke nan a Manchesta. Da a gida ne, yarinyar nan ce za ta zo goyon ciki, amma ga shi ni na hau jirgi na zo mata. Ita ce ta fari, don haka ko a takarda ba zan ambaci sunanta ba. Cikin ya shiga mako na 39. Da safe na tarar tana jiƙa wani busasshen ganye a kofi. Ta ce, "Umma, ganyen rasberi ne, maganin zaƙin Turawa." Na riƙe baki. Ashe su ma suna da nasu saƙe-saƙin. Na kurɓa, ban ji zaƙi ko ƙamshin 'ya'yan itace ba, sai bauri kamar na shayin da ya daɗe a buta. Tun mako na 32 ta fara da kofi ɗaya a yini, yanzu ta kai uku.

Talata, 17 ga Yuni

Tsohuwar da ke maƙwabtaka da su ta kai ni lambunta na ga shukar da idona. Shuka ce doguwa, ta kawo mini ƙirji, an ɗaure ta a jikin waya, da ƙananan ƙayoyi masu kama zani. Ganye uku ko biyar ne a reshe ɗaya, gefensu kamar haƙoran zarto. Samansa kore ne mai tamoji, amma da na juya shi sai na ga cikinsa fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ta ce karan yakan yi ganye a shekarar farko, ya yi 'ya'ya a ta biyu, sannan ya bushe a sare shi. A watan Mayu take tsinkar ganyen, kafin fure, ta shanya a inuwa, yadda muke yi wa zogale. Kakarta mutuniyar Blairgowrie ce a Sikotilan, garin da ya yi suna da noman rasberi, kuma da wannan ganye take tsayar wa jikokinta gudawa.

Laraba, 18 ga Yuni

Iskar ƙasar nan ta kama mini maƙogwaro. Na jiƙa ganyen minti goma, na bari ya huce, na kurkure baki har sau uku. Ya ɗan lafa. Ina kurkurawa ina tuna inda na san wannan baurin: bagaruwa ce, da ganyen gwaiba. Surukina ya ce gaskiyata, sinadarin tanin ne a cikinsu duka, shi ne ke tsuke fata, shi ya sa majema a Kano ba sa rabuwa da bagaruwa. Ya ƙara da cewa a 2014 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ganyen a matsayin maganin gargajiya na abu uku: ciwon mara na al'ada, ɗan kumburin baki ko maƙogwaro, da gudawa marar tsanani. Sauƙaƙa haihuwa ba ya cikinsu.

Alhamis, 19 ga Yuni

Na raka yarinyar awo. Ungozomar ba ta hana shayin ba, ba ta kuma yabe shi ba. Tambayoyi ta yi: an taɓa yi mata tiyata a mahaifa? Ta ga jini? Hawan jini fa? Tagwaye ne, ko ɗan ya zo ta ƙafa? Ta ce da ɗaya daga ciki ya kasance, da ta ce a ajiye kofin. A mota yarinyar ta karanta mini abin da aka gano. A 1941 masana a Ingila sun rubuta cewa akwai wani abu a ganyen da ke sassauta tsokar mahaifa. A 2001 aka wallafa gwajin da aka yi masa a kan mata 192 a Sidni ta Ostareliya. Bai rage tsawon farkon naƙuda ba. Lokacin yunƙuri ya ragu da kusan minti goma, tazarar da masu binciken ba su ɗauke ta hujja ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na buɗe akwatina na ga ƙullin kanwar da na yo guzuri don kunun jego. Na daɗe ina juya ta a hannu. Da ita mahaifiyata ta yi mini kunu kwana arba'in, da soyayya ta yi, Allah Ya jiƙanta. Amma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da gashin gado da ciwon zuciyar masu jego. Abin da ya burge ni jiya shi ne ba wanda ya ji kunyar tambayar maganin kakarsa: nawa za a sha, yaushe, wa bai kamata ya sha ba. Na mayar da kanwar ƙasan akwati. Kunun gyaɗa zan dama mata.

Asabar, 21 ga Yuni

Naƙuda ta tashi bayan la'asar. Har ƙarfe tara na dare rana ba ta faɗi ba. Ina zaune a barandar asibiti da carbi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Alhamdu lillahi, ta sauka da safe, mace, uwa da ɗiya lafiya. Awa goma sha uku aka sha, kamar kowace haihuwar fari. Ƙanwata ta kira daga Zariya da barka, ta ce, "Yaya, ki taho mana da ganyen nan, matar ɗana na da ciki." Na ce zan kawo, amma sai ta fara zuwa awo ta nuna wa ungozoma, ta kuma faɗi duk jiƙon da take sha a gida. Ta ce ai kin zama Baturiya. Na ce a'a, kaka na zama.