Ranar da bas ta kusa mayar da ɗan Kusada gida

A shekarar 2004 babu abin da wani saurayi ɗan Kusada yake buri kamar ya taka Kano ya ga 'yan fim ido da ido. Yaron shago ne a Kankiya, inda ake ba da hayar kaset. Ya kalli Sangaya da Wasila har kan bidiyon ya gaji, ya haddace sunan kowane jarumi da na kowace jaruma, amma ko Bichi bai taɓa wucewa ba.

Rannan maigidansa ya kwanta zazzaɓi, ga sababbin finafinai sun fito, masu haya sai zarya suke. Ya kira shi ya damƙa masa kuɗin sari, ya ce, "Ka je Ƙofar Wambai ka sayo, ka dawo yau. Jarin shagon nan kaf ke nan a hannunka." Gogan naka ya ce, "In Allah Ya yarda, Alhaji." A zuci kuwa Zoo Road yake hange, inda ofisoshin 'yan fim suke.

Ya cusa kuɗin a aljihun 'yar ciki, ya hau mota da sassafe. Suka wuce Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, Dawanau, aka sauke su a tashar Ƙofar Ruwa. Nan fa ido ya raina fata. A Kankiya babban titi ɗaya ne, yawanci mota ko dai Katsina ta nufa ko Kano. Nan kuwa bas-bas ƙirar Hayis ne birjik, babu lamba, babu rubutun inda za su. Allonsu shi ne bakin kwandasta, wanda ke lilo a ƙofa yana rattabo sunayen unguwanni kamar mai karanta talla.

An gaya masa ya nemi motar Bata. To amma girman kai ya hana shi tambaya, kada a gane baƙo ne. Ya fito titin Katsina, ya ga bas ta tsaya, mutane na rububi, shi ma ya afka. Aka matse shi a tsakanin wani dattijo da wata mata mai ƙullin kuka. Hannunsa na dama bai bar ƙirjinsa ba.

Tafiya ta yi tafiya, sai ya ji kwandasta na cewa, "Kurna akwai? Rijiyar Lemo?" Ya leƙa taga, ya ga wuraren da ya wuce ɗazu da safe. Ashe a ɓangaren titin da bai dace ba ya tsaya, motar hanyar gida take mayar da shi! Gumi ya karyo masa.

Dattijon nan ya dube shi ya yi murmushi. "Yaro, ina za ka?"

"Ƙofar Wambai, Baba."

"Ai ka ba ta baya. Daga ina kake?"

"Kusada."

"To ka sauke hannun nan daga ƙirji. Duk motar nan an san inda kuɗinka suke."

Kunya ta kama shi. Dattijon ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ce akwai sauka, ya sauka tare da shi alhali bai iso inda za shi ba. Ya tsallakar da shi titi, ya koya masa karatun bas a tsaye: ka fara sanin ɓangaren da za ka tsaya, ka tambayi kwandasta kafin ka sa ƙafa, ka ji kuɗin mota tun a ƙasa, ka ware canji a aljihun waje. In ka kusa, ka ɗaga murya, don ba mai tsayawa domin ka yi shiru. Ya sa shi a motar Bata, ya ce wa kwandastan, "Ɗana ne, ka sauke shi 'Yankura ka nuna masa hanyar Wambai."

Azahar ta yi kafin ya shiga kasuwar. Nan shaiɗan ya fara raɗa masa: ka fara zuwa Zoo Road mana, kaset ai ba gudu zai yi ba. Ya tsaya ya tuna Alhaji a kwance, ya tuna cewa ko awa ɗaya ya ƙara ɓatawa, sababbin za su iya ƙarewa. Ya yi sarinsa tsaf, ya ƙirga, aka ɗaure masa kwali.

Sai bayan la'asar ya hau motar Zoo Road, wannan karon da tambaya. Ya sauka da kwali a ka, ya yi ta kallon allunan kamfanoni da fastoci. Jarumi ko ɗaya bai gani ba, wai duk sun tafi lokeshin. Wani mai shayi ya ce ya jira zuwa dare, za su dawo. Ya dubi rana, ya dubi kwalin, ya tsallaka titi ya tsaya a ɓangaren masu komawa.

Bayan isha ya iso Kankiya. Alhaji ya ƙirga kaset, ya ƙirga canji, bai ce komai ba. Sati biyu bayan nan ya sake miƙa masa kuɗin sari, kuma daga ranar zuwa Kano ya zama aikinsa.

Yau abubuwa sun canza. A Daidaita Sahu da ta shigo a 2005 ta karɓe yawancin fasinjan Hayis, an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, kaset kuwa ya zama tarihi, fim ya koma waya. 'Yan fim ya gan su daga baya har ya gaji. Dattijon ne dai bai sake gani ba, ko sunansa bai tambaya ba. Shi ya sa har gobe, in ya hangi yaro a bakin titi ya dafe ƙirji yana raba ido, sai ya matsa kusa ya ce, "Ƙanena, ina za ka?"

Allah Ya saka wa Baba da alheri, amin.