Madigadin Hondar Baba

Duk wanda ya yi wayo a Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya san babur ɗin malamin makaranta da na akawu: in ba Vespa ba, to Honda CD175. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 su suka cika tituna da su, a ciki kuwa mahaifinmu ya sayi tasa, shuɗiya, mai silinda biyu da salansa biyu, sarƙarta a rufe ruf cikin gidanta. Da ya yi ritaya sai ta koma zaure ta kwanta, har ranar da ni da yayana muka ce sai mun tayar da ita.

Injin bai wahalar da mu ba. Aka wanke kafireta, aka sake mai da fulogi, ta tashi. Madigadi ne ya tsaya mana a wuya. Tsatsa ta cinye na gaba da na baya tun daga ciki, inda laka ke maƙalewa ta riƙe danshi damina bayan damina, har yatsa na iya huda su.

Madigadin wancan zamani ba ado ba ne. Ƙarfe ne mai zurfi da ya lulluɓe taya ta sama da gefe, don mutumin da zai bi jar hanya da farar babbar riga. Baba kan ratsa taɓon unguwarmu a watan Agusta ya isa makaranta ba ɗigo a jikinsa. Mu kuma aikinmu ranar Asabar shi ne kankare lakar da ta taru a ciki da tsinke da tsumma, yana tsaye a kanmu.

Mun zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ba mu samu na asali ba, domin an daina ƙera wannan samfuri tun 1979. Sababbin da muka samo kwaikwayo ne: ƙarfen bai kai kauri ba, ramukan noti kuma ba su hau kan na ƙafafun gaba ba. Yayana ya so a ɗaure da ƙarfi kawai. Tsohon da muka kai wa aikin, wanda ya koyi bugun ƙarfe tun Hondar tana yayi, ya girgiza kai.

"Yaro, ƙarfen da aka tilasta wa zama, hanya ce za ta tsaga shi."

"To Baba, yaya za a yi?"

"A lallaɓa shi."

Ya ɗora tsohon madigadin a kan sabon ya zana ramukan, ya cike na banza da walda, ya huda wasu. Ya ɗora shi a kan kututture yana bi da guduma a hankali har lanƙwasar ta bi da'irar taya. Kafin a fesa shuɗin waje, sai da ya shafe cikin da fentin hana tsatsa. Wajen ɗaurawa kuwa ya saka dukkan notuna sako-sako, da 'yar roba a ƙarƙashin kowanne saboda girgiza, ya juya taya yana auna tazara da yatsu biyu hagu da dama, sannan ya ƙara musu ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Na baya ya fi cin lokaci, don shi ke ɗauke da fitilar baya da lamba, kuma wayar fitilar ta ƙarƙashinsa take bi, dole a maƙale ta yadda taya ba za ta goge ta ba.

Yawancin baburan yanzu madigadin gabansu roba ne. In ya fashe a cire a yar, a sayi wani, shi ya sa yaran gareji ba sa koyon wannan bugun. Kayan tsohuwar Honda, ko da na kwaikwayo, mai kuɗi zai iya aikawa a kawo masa daga waje. Hannun da zai daidaita su ne ke ƙarewa. Tsohon nan ya ce mana yaransa duka sun koma gyaran A Daidaita Sahu tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, kuma bai ga laifinsu ba, tunda can abinci yake. Duk mai tsohon babur a zaure, ya fito da shi tun masu irin wannan hannu suna raye.