Kafanchan Da Ƙasar Citta

Matafiyin da ya sauka Kafanchan da hunturu, ya kama hanyar Kwoi ko ta Kachia, ƙamshi ne zai fara yi masa maraba. A kan duwatsu da farfajiyar gidaje zai ga an shanya citta tsagagga, mata da yara na juya ta. A wajen 1927 ne garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, kuma a wajen lokacin ne noman citta na sayarwa ya kafu a kudancin lardin Zazzau na dā.

Citta ba ta son gaggawa. Tana yin fure jefi-jefi, amma ba ta ba da ƙwayar da za a shuka. Saiwar ce iri. Manomi yakan gutsuttsura ta, kowane gutsure da idonsa, ya binne a sassauƙar ƙasa da ruwan fari, wajen Afrilu ko Mayu. Daga nan sai ya lulluɓe gonar da ciyawa ko ganye don ƙasa ta riƙe laima. Wannan lulluɓi shi ne wahalar aikin, ragon manomi kuwa a nan ake gane shi. Ciyawar da ta tsiro da hannu ake cire ta, domin fartanya takan sari saiwa. Sai ganye ya yi rawaya ya bushe, wajen Nuwamba ko Disamba, kana a tona. Iri biyu aka fi sani, Tafin Giwa mai kauri da Yatsun Biri mai sirara.

To, a nan masifar 2023 ta sami ƙofa. A daminar wannan shekara wata cutar ruɓa ta auka wa gonakin Kachia, Jaba, Kagarko da Jama'a. Ganye ya ƙone tun lokaci bai yi ba, saiwa ta narke a ƙasa. Mai gero in ya yi asara, yakan sami tiya guda ya shuka baɗi. Mai citta kuwa amfaninsa da irinsa abu ɗaya ne, tare suka tafi, ga bashin taki, ga kuɗin makarantar yara. Da shekara ta kewayo iri ya yi tsadar da ƙaramin manomi bai iya taɓawa, kuma wanda ya samu ma yana tsoron ko cutar na ɓoye a ciki. Gonaki da dama da aka sani da citta sai aka mayar da su na masara da kurkur.